Sharhi: Neman tafinta a Suleja da darasin yankin Bask na Sifaniya

Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya bai wa duk wanda aka gurfanar gaban kotu bisa zargin aikata laifi 'yancin samun tafinta kyauta, matuƙar ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Abin da kundin bai faɗa ba shi ne inda za a samo tafintan, da wanda zai gwada ƙwarewarsa, da asusun da za a biya shi daga ciki. A gari irin Suleja da ke Jihar Neja, inda harsuna ke cuɗanya a kasuwa da tasha da asibiti da kotu, wannan giɓi yana iya shafar 'yancin wanda ake tsare da shi, da lafiyar majinyaci, da gonar gado.

Nesa da nan, a arewacin ƙasar Sifaniya, akwai wata al'umma da ta fuskanci tambaya mai kama da wannan shekaru arba'in da suka wuce: ina za a samo masu fassara daga Sifaniyanci zuwa harshen Bask? Yadda suka warware ta, da wuraren da har yanzu suke tuntuɓe, abin nazari ne ga hukumomin Neja da na tarayya.

Garin da harsuna suka haɗu

Tun kafuwarta Suleja ba ta taɓa zama garin harshe ɗaya ba. A farkon ƙarni na 19 Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya a lokacin jihadi, ya sauka a Zuba cikin Koro da Gbagyi. Ƙanensa Abu Ja ne ya kafa garin Abuja a 1828. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sai aka bai wa birnin sunan Abuja, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomin Suleja da Tafa da Gurara.

Hausa ce harshen fada da kasuwa, amma ƙauyukan da ke kewaye na Gbagyi ne da Koro da Gwandara da Gade, ga rugagen Fulani, ga Nufawa daga kudancin jihar. Bayan da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, tsadar haya da rushe-rushen gine-gine a birnin suka riƙa tura ma'aikata da 'yan kasuwa da masu ƙwadago zuwa Suleja da Madalla da kewaye. Haka aka samu Ibo da Yarbawa da Tibi da Igala da Idoma da Ibira, da baƙi daga ƙasashe maƙwabta masu amfani da Faransanci. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Suleja na da mutum fiye da 200,000, kuma duk wanda ya ga cunkoson hanyar Zuba da asuba ya san an wuce nan da nisa.

Yawancin waɗannan mutane suna da Hausar ciniki ko Turancin buroka da ke isar su sayen tumatir da biyan kuɗin mota. Wannan ne ke ɓoye matsalar. Ana ɗauka cewa wanda ya iya taya kaya a kasuwa ya fahimci tuhumar da aka karanta masa, alhali Hausar da ake gaisuwa da ita ba ta kai mutum ga gane bambancin "na karɓa" da "na amsa laifi" a gaban alƙali.

Akwai kuma rikicin suna. Abin da Bahaushe ke kira Gwari ya ƙunshi harsuna biyu makusanta, Gbagyi da Gbari, waɗanda aka daɗe ana bambantawa da Gwari Matai da Gwarin Yamma. Sunan Koro shi ma ya tattara harsuna da dama. Saboda haka idan magatakarda ya leƙa harabar kotu ya ce a nemo "mai jin Gwari", ba lallai ne wanda ya zo ya dace da wanda ake tuhuma ba.

Abin da doka ta tanada

A takarda, tanadin ya wadatar. Sashe na 35(3) na kundin tsarin mulki ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kama shi a rubuce cikin sa'o'i 24, da harshen da yake fahimta. Sashe na 36(6)(a) ya ce a yi masa bayanin laifin da ake tuhumarsa da shi dalla-dalla da harshen da yake ji, sannan 36(6)(e) ya ba shi tafinta ba tare da ya biya ko kwabo ba. Tsohuwar dokar tsarin shari'ar laifuka ta Arewa, a sassanta na 241 da 242, ta wajabta a fassara wa wanda ake tuhuma duk shaidar da aka bayar da harshen da bai ji ba, ta kuma ɗora wa tafinta nauyin faɗin gaskiyar abin da aka ce. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 17, ta ƙara da cewa idan wanda ake zargi ba ya jin Turanci, tafinta ya rubuta bayaninsa, ya karanta masa, sannan tafintan ya sa sunansa da adireshinsa da sana'arsa a jikin takardar.

Kotuna ma sun daɗe suna magana. A 1940, a shari'ar Gidado, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta nuna cewa bayanin da aka ɗauka ta bakin tafinta ba ya tsayawa hujja idan ba a kira tafintan ya ba da shaida ba. Kotun Ƙolin Najeriya ta sake jaddada wannan ƙa'ida a 2012 a shari'ar Gwamnatin Tarayya da Usman. Dalilin a fili yake: ɗan sandan da bai ji harshen ba, abin da tafinta ya gaya masa kawai ya rubuta, don haka shaidarsa ta zama ji-ta-ji-ta.

A shari'ar Ajayi da Hukumar En'e ta Zariya, wadda aka yanke a 1963, an yi zaman kotun da Hausa ga mutanen da ba sa jin ta, aka riƙa sauya tafintoci, kuma aka samu shakku kan ƙwarewar wasu daga cikinsu. Kotun Ƙolin Tarayya ta lokacin ta soke hukuncin. Sai dai a 1983, a shari'ar Gwonto, Kotun Ƙoli ta nuna ɗaya gefen: wanda ke buƙatar tafinta, shi ko lauyansa ya faɗa tun a kotun farko, ba ya jira sai a ɗaukaka ƙara ba.

Idan aka haɗa waɗannan hukunce-hukunce, abu biyu ke fitowa. Na farko, rashin tafinta na gari yana cutar da ɓangarorin biyu. Marar laifi na iya amsa abin da bai fahimta ba, mai laifi kuma na iya kuɓuta saboda an kasa gano mutumin da ya yi tafinta a ofishin 'yan sanda shekaru uku da suka wuce. Na biyu, nauyin neman haƙƙin ya fi faɗawa kan wanda ya fi kowa rauni. Manomin da ba shi da lauya, wanda bai taɓa shiga kotu ba, wanda tarbiyyarsa ta koya masa ya sunkuyar da kai ya ce "to" a gaban manya, shi ake jira ya ɗaga hannu ya ce bai gane ba.

Akwai kuma batun jinkiri. Duk lokacin da aka ɗage zama domin ba a samu tafinta ba, wanda ake tsare da shi zai koma gidan gyaran hali ya ƙara makonni. Alƙaluman Hukumar Gidajen Gyaran Hali sun daɗe suna nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na fursunonin ƙasar nan masu jiran shari'a ne. Gidan gyaran hali na Suleja, tsohon gini ne da ya shiga labarai a watan Afrilun 2024 lokacin da ruwa da iska suka rusa katangarsa fursunoni fiye da 100 suka tsere. Dalilan cunkoso suna da yawa, amma duk wani abin da ke tsawaita shari'a yana ƙara wa jaki kaya.

Jin harshe daban, tafinta daban

Kalmar "tafinta" kanta Hausa ta aro ta ne daga Turanci a zamanin mulkin mallaka, lokacin da joji da razdan ba sa iya magana da talakawa sai ta bakin wani. Tun daga wancan lokaci aka gaji tunanin cewa duk wanda ya ji harsuna biyu tafinta ne. Abin da aka saba gani a sassan ƙasar nan shi ne a kira magatakarda ko masinja ko ɗan sanda ko wani daga cikin 'yan kallo, a rantsar da shi, a ci gaba.

Misali ɗaya daga Hausa ya isa ya nuna haɗarin. Bahaushe yana bambanta aro da rance da bashi da ajiya da jingina. Aro shi ne a karɓi abu a mayar da shi kansa. Rance shi ne a karɓi kuɗi ko hatsi a mayar da kwatankwacinsa. Ajiya amana ce da ba a taɓawa. Idan tafinta ya tattara waɗannan cikin kalmar Turanci guda, ko ya sa ɗaya a gurbin ɗaya, to rikicin bashi da ya kamata a warware a matsayin ƙarar neman haƙƙi na iya rikiɗewa ya zama tuhumar cin amana, wadda dokar Final Kod ta tanadar wa ɗauri. A rikicin gona kuwa, tsakanin "aro aka ba kakansa" da "jingina aka yi wa kakansa" da "kyauta aka ba kakansa" akwai makomar iyali guda.

A ƙauyukan masarautar Suleja lamarin kan zama hawa biyu. Dattijuwa za ta yi magana da Gbagyi, wani ya mayar da Hausa, wani kuma ko alƙali da kansa ya rubuta da Turanci, domin da Turanci ake ajiye bayanan kotunan majistare da babbar kotu. A kowane hawa ana zubar da wani abu, kuma kotun ɗaukaka ƙara ba ta ganin komai sai abin da aka rubuta. Ba a naɗar muryar asali a mafi yawan lokuta, don haka babu hanyar komawa a tantance.

Ƙwararren tafinta yana da abubuwan da mai jin harshe kawai ba shi da su: sanin kalmomin fannin, da riƙe dogon zance ba tare da taƙaitawa ba, da ɗabi'ar tsayawa a tsakiya. Ba ya gyara wa shaida magana domin ta yi daɗi, ba ya ba da shawara, kuma idan bai gane ba yana faɗa. Ɗan sandan da ya yi bincike ba zai iya zama wannan mutum ba, haka ma ɗan'uwan mai ƙara.

Asibiti da takardun fili

Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce ma'aikacin lafiya ya yi wa majinyaci bayani, gwargwadon iko, da harshen da yake fahimta, tare da la'akari da matakin karatunsa. A aikace, tafintan asibiti shi ne duk wanda ya rako majinyaci. Yaro ɗan firamare kan tsaya tsakanin mahaifiyarsa da likita a kan ciwon da kunya ba za ta bar ta ta ambata a gabansa ba. Miji kan amsa a madadin matarsa. Kalmomi irin su "sanyi" da "shawara" da "zafi" suna da ma'anar gida da ma'anar asibiti, kuma matashin likitan da aka turo bautar ƙasa daga kudu bai san da wannan ba.

Ƙasashen da suka ci gaba ma sun ɗanɗana. A jihar Fulorida ta Amurka, a 1980, an kai wani matashi ɗan shekara 18 asibiti a sume. Iyalinsa sun yi amfani da wata kalmar Sifaniyanci da ke nufin ya ci ko ya sha abin da ya ɓata masa ciki, aka ɗauke ta da ma'anar ya yi maye da ƙwaya. Kafin a gano cewa jini ne ke zuba a ƙwaƙwalwarsa, ya shanye. Diyyar da aka daidaita a kai ta kai kimanin dala miliyan 71.

Kurame na cikin waɗanda aka fi mantawa. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta wajabta wa asibitocin gwamnati tanadar hanyar sadarwa ga masu matsalar ji da magana. Amma a nan ma harshe biyu ne: akwai maganar hannu ta ƙasar Hausa da kurame ke koya a cikin al'umma, akwai kuma wadda ake koyarwa a makarantu, mai tushe daga Amurka. Tafintan da ya iya ɗaya ba lallai ya iya ɗayar ba.

Batun fili ya fi kowanne zafi a yankin da ke maƙwabtaka da Abuja, inda gonar jiya ta zama fulotin yau. Dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba ta buƙaci wanda ya rubuta takarda a madadin irin wannan mutum ya sa sunansa da adireshinsa, a matsayin shaidar cewa an karanta masa an kuma bayyana masa kafin ya dangwala yatsa. Tambayar ita ce wa ya yi bayanin, da wane harshe, kuma a ɓangaren wa yake.

Yadda Baskawa suka yi

Harshen Bask, wanda masu shi ke kira Euskara, ana magana da shi a arewacin Sifaniya da kudu maso yammacin Faransa. Masana ba su gano wani rayayyen harshe da yake da dangantaka da shi ba, don haka mai jin Sifaniyanci kaɗai ba ya fahimtarsa. Binciken harsuna na 2021 ya nuna masu magana da shi 'yan shekara 16 zuwa sama sun kai kimanin 810,000, wato kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen yankin. A zamanin mulkin Janar Franko, daga 1939 zuwa 1975, an kore shi daga ofisoshi da makarantun gwamnati.

Tsarin mulkin Sifaniya na 1978 da dokar cin gashin kan yankin ta 1979 sun mayar da shi harshen hukuma tare da Sifaniyanci. Nan take aka ga cewa babu isassun mutanen da za su fassara dokoki da sanarwa da takardun ofis. Abin da suka yi ya bi mataki-mataki.

Sun riga sun daidaita rubutu. Cibiyar harshen, Euskaltzaindia, ta aza harsashin daidaitaccen Bask a taron Arantzazu na 1968, duk da bambancin karin harshe tsakanin kwari da kwari. A 1977 aka kafa cibiyar UZEI domin ƙirƙiro kalmomin fannoni, wadda daga baya ta samar da rumbun kalmomi na Euskalterm. A 1980 aka buɗe makarantar horar da masu fassara a Martutene da ke birnin San Sebastiyan. Dokar daidaita amfani da harshen ta 1982 ta tanadi ofishin fassara na gwamnati. A 1987 masu fassara da masu gyaran rubutu da tafintoci suka kafa ƙungiyarsu, EIZIE. Jami'ar yankin ta buɗe digirin fassara da tafinta a birnin Bitoriya a farkon shekarun 2000, sannan wata doka ta 2009 ta tsara yadda ake tantance rantsattsun masu fassara, waɗanda sa hannunsu ke da ƙarfin doka.

Sakamakon shi ne cewa a yau wanda ke neman mai fassara daga Sifaniyanci zuwa Bask yana da inda zai duba, kuma zai iya sanin ko hukuma ta tantance mutumin. Lokacin da majalisar wakilan Sifaniya ta amince a watan Satumban 2023 cewa 'yan majalisa na iya magana da Bask da Katalan da Galisiyanci a zaurenta, an samu tafintocin da suka ɗauki aikin. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Ba komai ne ya daidaita ba. Kotu ita ce wurin da harshen ya fi rauni har yanzu, domin alƙalai ma'aikatan ƙasa baki ɗaya ne, kuma da yawansu ba sa jin Bask. Ƙwararrun Majalisar Turai masu bibiyar harsunan tsiraru sun sha jawo hankalin Sifaniya kan wannan. Akwai kuma ƙorafin cewa ana rubuta yawancin takardun hukuma da Sifaniyanci ne sannan a fassara, abin da ke sa Bask ɗin ofis ya zama mai nauyi a kunnen masu shi. Buƙatar da Sifaniya ta gabatar a 2023 ta a mayar da shi harshen hukuma a Tarayyar Turai ta gamu da turjiyar wasu ƙasashe, waɗanda suka kawo batun kuɗi da na doka.

Inda kwatancin ya tsaya

Dole a yi hattara da kwatance. Kusan duk mai jin Bask yana jin Sifaniyanci ko Faransanci, saboda haka fassara a wurinsu batun mutunci ne da zaɓi da raya harshe. A karkarar Suleja batun fahimta ne tsagwaronta. Yankin Bask na cikin mafiya arziki a Sifaniya, yana karɓar harajinsa da kansa, kuma harshe ɗaya yake ginawa. Najeriya na da harsuna fiye da 500, Jihar Neja kaɗai na da gommai.

Duk da haka, abin da ya fi amfani a tsarin nasu ba shi ne mafi tsada ba. Jerin sunaye, da jarrabawar tantancewa, da ƙamus na kalmomin fanni, ba sa buƙatar ginin bene.

Arewacin Najeriya ma ba baƙo ba ne a wannan fage. Hukumar Fassara da aka kafa a ƙarshen shekarun 1920, wadda ta zauna a Zariya ta koma Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East, ita ta share fagen jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da Abubakar Imam. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. A 1991 aka wallafa ƙamus na kalmomin majalisa da Turanci da Hausa da Ibo da Yarbanci. Suleja da kanta ta ci moriyar fassara: tarihin garin da Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta da Hausa, Frank Heath ya mayar da shi Turanci aka buga a 1952, kuma har yau masana tarihi na komawa gare shi.

Sai dai wannan gado ya karkata ga manyan harsuna. Gbagyi, harshen Ladi Kwali wadda hotonta ke kan takardar naira 20 kuma ta yi suna a cibiyar tukwane ta garin nan, an rubuta nahawunsa tun 1909, amma bai samu irin hidimar da Hausa ta samu a fannin doka da lafiya ba. Koro da Gade da Gwandara sun fi shi baya. Akwai Cibiyar Harsunan Najeriya ta Ƙasa a Aba, da aka kafa a 1993, da ƙungiyar masu fassara da tafintoci ta NITI, da sassan harsuna a jami'o'i, amma magatakardan kotu a Suleja ba shi da wani kundi na hukuma da zai buɗe ya ga sunan tantaccen tafintan Koro mafi kusa.

Manufofi da na'urori

Manufar harshe ta ƙasa ta yi ta juyawa. A watan Nuwamban 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da janye manufar da komawa ga Turanci, yana mai kafa hujja da sakamakon jarrabawa. Ana ci gaba da muhawara kan wannan mataki, amma ta fuskar tafinta tasirinsa ɗaya ne: tafintan gobe yaron da ya iya karanta harshensa da rubuta shi ne, kuma idan makaranta ba ta koya masa ba, sai an tanadi wani wurin da zai koya.

Wasu na ganin na'ura za ta cike giɓin. Manhajar Google Translate ta ƙunshi Hausa tun 2013, kuma a watan Satumban 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai aiki da Hausa da Ibo da Yarbanci da Turancin Najeriya. Gwamnatin Bask ma tana da manhajarta mai suna Itzuli. Amma tasu ta yi ƙarfi ne saboda an ciyar da ita fassarar da ƙwararru suka tara tsawon shekaru. Na'ura daga rubutu take koyo, harshen da ba a rubuta shi da yawa ba kuwa ba ta da abin koyo a cikinsa. Bugu da ƙari, manhaja ba ta rantsuwa, kuma lauya ba zai iya yi mata tambayoyin ƙeƙe-da-ƙeƙe ba, alhali hukuncin Gidado da na Usman na buƙatar mutum ya tsaya ya amsa.

Abin da za a iya farawa da shi

Matakin farko shi ne ƙidaya. Idan kowace kotu da ofishin 'yan sanda da asibiti a masarautar suka riƙa rubuta harshen da mutum ya fi ji a shafin farko na fayil ɗinsa, da kuma duk zaman da aka ɗage saboda tafinta, cikin shekara guda za a san harsunan da aka fi buƙata. Wannan kuma zai sauke wa wanda ake tuhuma nauyin da hukuncin Gwonto ya ɗora masa, tunda hukuma ce za ta fara tambaya.

Na biyu, rajista. Sashen shari'a na Jihar Neja na iya buɗe kundin tafintoci na wucin gadi a kowace shiyya, a gwada su baki da baki, a ba su horo na 'yan makonni kan kalmomin kotu da ɗabi'ar aiki, a kuma sa musu ladan zama sananne. Malaman makaranta da ma'aikatan jinya da magatakardan da suka yi ritaya suna nan a kowane ƙauye. Tarayyar Turai ta bi wannan hanya a umarninta na 2010, wanda ya buƙaci ƙasashe su yi ƙoƙarin samar da rajistar tafintoci masu zaman kansu. A Afirka ta Kudu kuwa tafintan kotu ma'aikaci ne mai matsayi da matakan ƙarin girma.

Na uku, kalmomi. Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida da ke Lapai, da Kwalejin Ilimi ta Minna, da Jami'ar Abuja, tare da ƙungiyoyin raya al'adu da majami'u da masallatai da suka daɗe suna fassara wa'azi, na iya tsara ƙaramin ƙamus na kalmomin kotu da asibiti da fili cikin Gbagyi da Nufanci da Fulatanci da Koro. Fadar Suleja, wadda Sarkinta Malam Muhammad Awwal Ibrahim tsohon malamin jami'a ne kuma gwamnan farar hula na farko a jihar, tana da martabar da za ta iya tara waɗannan ɓangarori.

Na huɗu, naɗar murya. Wayar hannu ta isa ta adana abin da shaida ya faɗa da bakinsa, yadda idan aka yi jayayya kan fassara za a koma a saurara. Haka kuma tafintan da ke Minna ko Kwali na iya yin aiki ta waya a ƙananan matakai kamar neman beli, maimakon a ɗage zama.

Masu adawa za su ce kotunan da ke fama da ƙarancin takarda da wutar lantarki ba su da rarar kuɗin tafinta, kuma wannan magana ce mai nauyi. Amma gwamnati na biyan kuɗin rashin tafinta tun yanzu: a abincin wanda ake tsare da shi, da man motar kai shi kotu a dawo da shi ba a yi komai ba, da shari'ar da aka rushe a ɗaukaka ƙara aka ce a sake ta daga farko. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 30 ga Satumba a matsayin Ranar Fassara ta Duniya tun 2017. Idan hukumomin Neja na neman abin da za su nuna a irin wannan rana, kundin farko na tantattun tafintocin shiyyar Suleja, ko da sunaye talatin ne a ciki, zai fi kowane jawabi amfani ga wanda ke jiran shari'a.